Kafin Bindigar Kakanka Ta Shiga Mota

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Na-Morai,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kai ka Bakura lami lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da abokan zama nagari, Ya sa ka fita a sa'a. Amin.

Na san za ka yi dariya. Gida ɗaya muke kwana, katanga ce kawai tsakanin ɗakina da naka, amma ga ni ina rubuto maka takarda kamar wanda ya tafi Makka. To, kai ne ɗan fari. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, kuma in ka shigo zaure nakan rasa inda zan sa idona sai ƙasa. Maganar da ke cikina yau ta fi ƙarfin irin gaisuwar da muka saba. Rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne, in ka ga wani harafi ya karkace ka miƙar da shi da kanka, ai kai ne mai karatu.

Kawunka Garba ya gaya mini komai. Ya sami fili a bakin hanyar ruwan dam a Bakura, za ku yi shinkafa da alkama, kuma aladun daji da birai sun hana manoman wurin sakat. Ka aiko shi ya roƙe ni bindigar kakanka. Innarka ta ce a'a, kai kuwa ka ji haushi, ka ɗauka tsoro ne kawai irin na uwa. Na ga yadda ka yi kwanaki kana cin tuwo kamar ana yi maka dole. Ka karanta takardar nan har ƙarshe kafin ka yanke mata hukunci.

Harbi kam ba ni da abin da zan ƙara maka, hannunka ya fi nawa tsayuwa yanzu, ko da yake ba zan maimaita wannan a gaban mutane ba. Abin da ban koya maka ba shi ne yadda ake shiga mota da bindiga, don ni ma ba wanda ya koya mini. Lokacin da kakanka ya ɗora mini bindigar adakar nan a kafaɗa, ƙafa ce motarmu, in an ji daɗi a hau jaki. Kana tafe kai kaɗai, bakin bindiga na kallon dajin da ke bayanka, ba wanda za ta cuta sai ko wata kuka. Sai aikin dam ya zo. Ka tuna yadda tifofi da akori-kura suka cika hanya tsakanin Maradun da Mafara, har mutum ya fara jin kunyar a gan shi yana tafiya a ƙasa. Muka shiga mota da halin masu tafiyar ƙafa, kuma a nan na yi ta tafka kurakurai.

Zan fara da na takarda, don shi ya fi sauƙin faɗi.

Da kakanka ya rasu na gaji bindiga, na gaji ƙahon albarushi, na gaji wata takarda da ya naɗe cikin fata kamar laya. Na san lasisi ce. A tunanina takarda tana bin bindiga duk inda ta je, wanda ya gaji ɗaya ya gaji ɗayar. Na yi shekaru ina yawo da ita a wuya ina jin na fi kowa bin doka.

A lokacin da rayuka suka ɓaci kan gonakin da ruwan dam ya ci, shingayen 'yan sanda suka yawaita a hanya. Wata rana da hantsi ina dawowa daga wajen Maradun a bayan akori-kura, sai na hango shinge. Ba tare da na yi laifin komai ba, na yi maza na tura bindigar ƙarƙashin buhunan gero na zauna a kai. Ba su daɗe suna dubawa ba suka jawo ta. Sajan ɗinsu dattijo ne mai furfura, bai daka mini tsawa ba. Ya warware takardar, ya karanta, ya tambaye ni wane ne Bawa. Na ce mahaifina ne. Ya tambayi inda yake, na ce ya riga mu gidan gaskiya. Ya yi masa addu'a, sannan ya ce:

"Malam, wanda aka ba izini ya rasu da izininsa. Kuma da ka gaya mini tun farko akwai bindiga a motar nan, da na ɗauke ka maharbi. Yanzu da ka ɓoye ta, dole in tambaya ko kai wani abu ne daban."

Aka tafi da ni, aka tafi da direban da bai san hawa ba bai san sauka ba, fasinjoji suka wuni a rana suna tsine mini a zuci. Sai da Sarkin Baka, shugabanmu na maharba, ya zo shi da maigari suka tsaya mini, sannan aka sake ni. Bindiga kuwa ta yi rani guda a hannun hukuma kafin in sami lasisi da sunana. Duk ranin nan in Sarkin Baka ya gan ni sai ya tambaye ni ko Bawa ya fita farauta yau.

Don haka ne na matsa wa kawunka ya kai ka ofis aka mai da lasisin da sunanka kafin a yi maganar tafiya. Ka riƙa sabunta shi a kan lokaci, kada ka jira a tuna maka. Ka ajiye shi a jikinka, ba cikin jakar da za a ɗaure a saman mota ba. In an tsai da ku, kai za ka fara magana: ka yi sallama, ka ce kai maharbi ne, akwai bindiga a wuri kaza, babu ɗuri a cikinta, ga takarda. Hannayenka su zauna a kan gwiwa. Kada ka miƙa hannu wajen bindigar don ka nuna musu, ka bari su ɗauko da kansu. Ka kuma san bambancin rufewa da ɓoyewa. Ana rufe bindiga don kada ta tsorata mata da yara, kada kuma ta ja idon ɓarawo, amma direba ya san da ita, hukuma ma ta sani in ta tambaya. Ɓoyewa kuwa aikin marar gaskiya ne, ko da mai gaskiya ne ya yi shi. Kada ka ara wa kowa ita, ko kawunka, kada kuma ka karɓi ta wani ka ce za ka kai masa gari kaza. Na san ka da jin nauyin mutane, to a nan ka koyi cewa a'a.

Na biyu na albarushi ne, shi kam har yau in na tuna sai in yi dariya, daga baya kuma in yi hamdala. Wata rana marfin ƙahon ya saki ban kula ba, na jefa ƙahon cikin aljihun riga, na hau saman kayan wata mota. A hagu da ni jarkar fetur ce ta direba, a dama wani lebura na aikin dam yana ta zuƙar taba yana ba ni labarin injin da ke haƙa ƙasa. Muna cikin tafiya wata tsohuwa mai daddawa ta nuna cinyata ta ce kwallina na zuba. Na duba, sai ga baƙin gari ya yi layi daga aljihuna har kan buhun da muke zaune. Leburan ya tambayi ko mene ne, na gaya masa. Ya murje tabar a tafin hannunsa, ya buga wa direba jikin mota, ya sauka a tsakiyar daji ya ce zai ƙarasa da ƙafa. Ban ga laifinsa ba.

Allah ne kawai Ya tsare mu ranar, ba dabarata ba. Kai kada ka sa ƙaho a mota. Na samo maka gwangwani mai marfin murɗawa, ka zuba albarushin a ciki, ka sa shi a jaka daban, nesa da bindigar, nesa da fetur, nesa da zafin inji. Garin kan ashana da muke sa wa kunamar bindiga shi ma ƙullinsa daban, dalmar harbi daban. In ka ga mai taba kusa da kayanka, ka gaya masa gaskiya cikin ladabi, za ka ga yadda zai matsa da kansa.

Wani abu kuma, direbobin wajen can suna da son nama. Za ku hango zabin daji a bakin hanya, a rage gudu, a ce maka ga su nan, harba. Na taɓa biye wa wani, ban sami ko gashin zabo ba, sai leɓena da ya fashe a jikin ƙofa. Mota ba wurin harbi ba ce, kana girgiza, ba ka san wanda ke bayan ciyawa ba, ga Fulani da shanunsu ko'ina. In direba ya ce kai matsoraci ne, ka amsa masa da to.

Yanzu na zo kan wanda nake ta kewaye-kewaye don kada in iso gare shi.

Ka san al'adarmu ta maharba. Bindigar da aka ɗura ba a harba ta a banza. In ka fita ba ka sami nama ba, da ɗurinta za ka dawo, ka jingine ta har wata fitar. Wanda ya harba don kawai ya sauke ɗuri, mai harbin iska ake kiransa, kuma sunan ba ya barin mutum. Kakanka ya fi ƙin wannan suna da zagin uwa. Adaka kuma ba irin bindigar Turawa ba ce da za ka karya ka zare harsashi, abin da ya shiga ta baki, ta baki zai fita. Saboda haka abin da muke yi shi ne mu kankare garin ashanar da ke ƙarƙashin kunama, mu ce mun kashe ta. A tafiyar ƙafa wannan ya wadatar, ko dai muna ganin ya wadatar.

Wata Talata ce, kana Morai wajen malaminka. Na fita da sassafe neman zabi ban samu ba, na dawo da bindiga a ɗure. Kunamarta ta ɗan yi sako-sako, na ce bari in kai wa maƙeri a Mafara tunda ranar kasuwa ce. Innarka ma za ta kai man gyaɗa. Muka tari motar Mamman direba, wanda ka sani, mai raha da kowa. Da ya ga bindigar sai rahar ta tsaya, ya ce:

"Malam Isa, ka hidda ɗurin wagga aba?"

Na ce masa, "Na kankare ashana, ba ta tashi. Ni da bindigag ga mun san juna tun kana goye."

Ka ji girman kai. A lokacin ina da lasisi da sunana, ina jin ba wanda zai koya mini komai. Mamman ya dube ni, ya ji nauyin furfurata, ya shiga mota.

Na zauna a baya, na tsai da bindigar tsakanin gwiwoyina, na jingina ta a kafaɗar dama, bakinta sama. Innarka na zaune a damana. A gabanmu wani mutum ne da ragonsa. Tifofi sun farfasa hanyar, Mamman na ta kauce wa ramuka, har ya zo kan wanda ba ya kautuwa. Motar ta faɗa, ragon ya zabura, igiyarsa ta sarƙe kunamar ta ja ta baya ta sake. Ɗan abin da farcena bai kankare ba, wanda ido ma ba ya gani, shi ya isa.

Dalmar ta bi ta tamfol ta fita sama. Tsakaninta da kan innarka bai kai tafin hannu ba. Hayaƙi ya cika motar, mutane na salati suna dirowa, ragon ya tsinke ya shiga daji. Na juya na ga gefen ɗankwalinta ya ƙone, jini na bin wuyanta daga kunnen hagu. Ba ta yi kuka ba. Ina tambayarta ko ta ji ciwo, ina maimaitawa, ita kuwa bakina kawai take kallo. Can ta ce da ƙarfi, kamar mai kiran wani a hayin gulbi:

"Mi kac ce?"

Na yi farauta shekaru masu yawa, na taɓa tsayawa gaba da gaba da abin da ya fi ƙarfina, amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan tambaya ba. Mamman ya juya da mu asibiti. A hanya bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, ai ya tambaye ni. A asibiti suka ce tantanin kunnen ya fashe, kuma jin ba zai dawo ba.

Da ka zo hutu aka ce maka ciwon kunne ta yi. Ita ta ce a faɗi haka, don kada 'ya'yanta su riƙa kallon ubansu da abin. Wataƙila ka ji ƙishin-ƙishin a gari, mutanen Tsibiri ba su iya riƙe magana ba, amma ba ka ji daga bakina ba sai yau. Ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Sai dai in mun zauna hira takan tashi ta koma ɗaya gefen don in kasance a damanta, kuma duk ranar da ta yi haka sai na tuna. Na ji kunya, har yanzu ina ji. Tun daga ranar bindigar nan ba ta sake shiga mota ba, gobe ne za ta fara, a hannunka.

To ga abin da nake so da kai. Kafin ka taka mota, ka sauke ɗurin gaba ɗaya. Ka sami suri ko gindin ganuwar ƙasa inda ba mutum ba dabba, ka harba a ciki. Kankare ashana ba saukewa ba ne. Bayan ka harba, ka zura sandar ɗuri cikin bakin. Na yi mata tsaga da wuƙa, in tsagar ta zo daidai da bakin bindiga, babu komai a ciki, in ta tsaya sama, akwai saura. Ka gwada ko da kai ne ka harba da hannunka, don mutum yakan manta, yakan kuma yi wa kansa ƙarya in yana sauri. Sannan ka sa ta cikin jakarta ka ɗaure, ka kwantar da ita a ƙasan mota, bakinta na kallon inda ba kowa, ka kare ta da kaya don kada ta yi ta birgima. Kada ka tsai da ita tsakanin ƙafafu, kada ka rungume ta, kada ka jawo ta ta baki in za ka sauka. In wani abu ya lalace a jikinta, wannan ya ƙara zama dalilin saukewa, ba dalilin gaggawar kai ta wurin maƙeri ba. In direba ya tambaye ka, ko yaro ne ƙarami, ka zura sandar a gabansa ya gani da idonsa, kuma ka gode masa.

Za a yi maka dariya, ban ɓoye maka ba. Maharban Bakura ma irinmu ne, za su kira ka mai harbin iska. Albarushi ana sayen wani, suna kuma ana saba da shi. Ni dai na fi so a kira ka da wannan har tsufanka.

Kada ka ɗauka don ina tsoron tafiyarka na rubuta duk wannan. Wallahi ina murna. Ruwan nan ya ci gonar kakanka, na yi baƙin ciki har na ce ba zan taɓa kallon dam ɗin ba. Yanzu ga shi ruwan zai shayar da gonar jikansa har da rani, lokacin da mu a da sai zaman gindin bishiya. Kana da karatu, kana da ƙarfi, kana da haƙurin innarka in ka ga dama, kuma kawunka mutum ne mai amana ko da yake surutunsa ya yi yawa. Ina sa rai in ci tuwon shinkafar da ka noma da hannunka. Ka riƙe salla, ka riƙa ziyartar malamai, ka tsare amfanin gona ba tare da ka zama abin tsoro ga maƙwabta ba.

Saura magana ɗaya. Jiya da la'asar ka ji ƙarar bindiga a bayan gari, na kuma ji kana tambayar ƙannenka abin da na harbo. Ban harbo komai ba. Innarka ce ta same ni a zaure da wata doguwar jaka da ta ɗinka da buhun taki riɓi biyu, har da igiyar ɗaurewa a baki. Ashe duk kwanakin da kake fushi da ita, ita tana ɗaki tana ɗinki. Ta ce in ɗauko bindigar da ɗurinta mu je. Muka je wajen surin nan na hanyar rafi, masu dawowa daga gona suka tsaya kallo, har da Sarkin Baka a kan kekensa. Na ce ta matsa baya ta toshe kunne. Ta matsa, amma ba ta toshe ba, sai ma ta juyo da kunnen dama.

Na harba cikin surin. A gaban Sarkin Baka, a gaban kowa, ɗan Bawa ya yi harbin iska. Na zura sandar, tsagar ta zauna daidai da baki. Innarka ta matso ta duba da kanta, ta shafa tsagar da yatsa, sannan ta buɗe jakar ta riƙe mini na sa bindigar, ta ɗaure da hannunta. Ta ce:

"Wanga karon na ji ta, kuma na ga inda ta tahi. A ba shi."

Ga ta nan jingine a ƙofar ɗakinka, babu komai a cikinta. Duk da haka ka kwance jakar ka gwada sandar kafin ka shiga motar Mamman, don zai tambaye ka. In ka je yi wa innarka sallama, ka durƙusa ta damanta, tana da addu'ar da za ta yi maka, kuma tana so ta ji amin ɗinka.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na wuta, Ya tsare mutane daga hannunka, Ya sa albarka a gonarku, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka gai da kawunka da iyalinsa.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Isa Maharbi, Tsibiri.